Jan Hannu a Ƙofar Mota

Zuwa ga Lenora, sanyin idona, inuwar da nake nema tun ranar da na taka ƙasar nan,

Lenora, ruwan farko a kan rufin kwano, furen magnoliyar ƙofar gidan mahaifiyarki da ake jin ƙamshinsa tun kafin a sha kwana, ke da muryarki ke kwantar da aji guda na yara masu ihu ta kuma kwantar da ƙaton soja irina, ina gaishe ki da kumburarren baki. Da ido ɗaya nake rubuto miki, ɗayan ya rufe ruf tun shekaranjiya. Kada ki miƙe tsaye, zauna abinki. Ba harsashi ba ne, ba roka ba ce. Hannun mutum ne, mutumin da nake ƙauna kuwa, kuma da ni ne a matsayinsa da abin da zan yi ya fi haka.

Ban manta abin da kika faɗa mini a waya ba, don har yau yana ci na. Kika ce, "Odell, ni fa ba mai karanta hasashen yanayi na ce zan aura ba. Kullum ana zafi, kullum lafiya lau, kullum kuna ƙirga taya. Ko ka ba ni abu ɗaya na gaskiya daga wurin nan, ko mu ɗaga bikin nan sai ka dawo na ga wanda ya dawo." Na san ki, ba ki iya barazanar banza ba. Tsoro ya kama ni, na yi sauri na aiko miki da hoton nan da yanzu yake manne a jikin firij ɗinki: ni a gefen wata babbar mota, ina washe baki, tafin hannuna kusa da shatin wani jan hannu a jikin ƙofa. Yau zan gaya miki abin da ke cikin hoton. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗaga kai ki dube shi.

Ga yadda yininmu yake. Da sassafe, kafin ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, mukan sa sulke mu tsallaka ɓangaren sojojin Iraƙi. Aikina a baki mai sauƙi ne: in koya wa masu sito da makanikansu yadda za su nemi kayan gyara tun mota ba ta mutu ba, yadda taya da batir da man birki za su bar nan su isa hannun direban da ke bakin daga a wajen Mosul. Ina tsayawa gaban allo ina ta zuba, su kuma suna gyaɗa kai cikin ladabi suna jiran lokacin shayi. A bayana kullum akwai Kofur Dearman, mutumin Lumberton, tsaye da bindiga cike da harsashi. Ba ya koyar da komai. Aikinsa kawai ya zuba wa ɗalibaina ido, ko wani zai juyo da makami kaina, don an sha yin haka a wasu wurare.

Shugaban garejinsu shi ne Abu Karrar, tsohon bakanike mai furfurar gashin baki, wanda ya ga yaƙi tun ban iya ɗaura takalmi ba. Turancinsa na gareji ne, Larabcina na shan shayi, a tsakiya muke haɗuwa. Yana da wata kwantena da yake tara duk wani abin kirki a ciki, makullinta a wuyansa kamar laya. In na ce ya fito da batura ya raba, sai ya dube ni da tausayi ya ce, "In na bayar yau, gobe in ba da me? Kai wata tara za ka yi ka tafi, ni a nan za a binne ni." Ina kiransa Baffa. Shi kuwa Abu Ga'ib yake ce mini, wai haka suke kiran namijin da ya girma ba ɗa, wato uban wanda bai iso ba tukuna. Yakan ce, "Abu Ga'ib, malamar nan taka ta san kana nan kana koya wa tsoho ɗaure noti? Koma ka aure ta tun ba ta haɗu da mai gashi a ka ba."

Ɗansa na fari, Karrar, direba ne a rundunar da muke yi wa gyara. Mutum ne mai faɗin ƙirji da surutun tsiya, ga mata ga 'ya'ya biyu a Hilla. Ƙaramin yatsansa na dama rabi ne, bel ɗin inji ya cinye sauran tun yana yaro a garejin ubansa. Duk sa'ad da ya shigo sai ya ɗaga hannun nan sama ya ƙwala wa mai shayi kira, "Kofi huɗu da rabi!" Kullum sai mun yi dariya, ko da mun ji ta jiya. Ki riƙe wannan, Lenora, don ni ban riƙe ba.

Duk ran da aka gama gyaran ayarin motoci za su koma daga, sai a jawo rago ƙofar gareji. A kayar da shi, a yanka, jini ya yi tsartuwa a kan siminti yana tururi. Abu Karrar ya tsoma tafinsa a ciki, ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana danna musu hannu a bonet, yatsu suna kallon sama, bakinsa na motsi. Naman a raba wa mabukata, saura ya shiga tukunya. Ranar farko na yi ƙoƙarin hanawa, wai tsabta. Ya goge hannunsa a tsumma ya ce, "Kai ka sa mata birki, ni na sa mata wannan. Mu ga wanda zai dawo da ita." Daga baya har riƙe ƙafar ragon nake yi, kuma na fara jin kaina ɗan gari wanda ya san al'ada.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne yadda motocin suke dawowa. A kan tirela ake kawo su, zumata, wasu a ƙone ƙurmus, wasu nakiya ta ɓare cikinsu kamar gwangwanin kifi. Kafin bakanike ya taɓa mota sai an wanke ta, kuma ni ne na koyar da hakan, don haka ni nake fara riƙe tiyo. Ruwa ya shiga fari, ya fito ja, ƙudaje su taso baƙi ƙirin su cika maka baki. Na tsinci haƙora a jikin sitiyari. Na jawo takalmi daga ƙarƙashin kujera na ji ya yi nauyin da bai kamata ba. Wata rana da hantsi roka ta faɗo filin tayoyi, ta sami mutumin da ke kawo mana gurasa yana tafe da faranti a ka. Muka fito daga ramin ɓuya muka tarar gurasar ta watsu ko'ina, shi ma haka. A ranar na kira ki na ce miki ana zafi. Me zan ce? Da wane baki zan zuba wannan a kunnen da ya wuni yana jin waƙar yara?

Ana cikin haka labari ya zo cewa motar Karrar ta taka nakiya. Wani hafsa ya zo da kansa ya ce wa uban wai nan take ya cika, bai ma san abin da ya faru ba. A nannaɗe aka miƙa masa gawar, ya ɗauka ya tafi Najaf ya binne. Kafin ya hau mota ya riƙe kafaɗata ya ce, "Bai ji komai ba, Abu Ga'ib. Alhamdu lillahi, bai ji komai ba." Wannan maganar ita ce sandar da ya dogara da ita ya iya tafiya.

A makon da yake can yana zaman makoki ne kika yi mini waccan magana. Kashegari tirela ta sauke wata mota da gabanta ya tafi gaba ɗaya, ba bonet, ba lamba, fenti ya toye. Amma a jikin ƙofar direba ga shatin hannu nan raɗau, ya bushe ya yi duhu. Wallahi daɗi na ji. Na ce yau ga abin da zan nuna wa Lenora, na gaskiya ne kuma ba zai hana ta barci ba: albarkar rago ta tsallake wuta. Na miƙa wa Dearman waya, na tsuguna, na ɗora tafina kusa da shi, na yi murmushin nan da kike cewa yana sa ki yafe mini komai. Makanikai suka daina buga guduma, garejin ya yi tsit. Na ɗauka kunyar hoto suke ji. Da gari ya waye na tarar an wanke ƙofar tas, har faɗa na yi musu, wai sun wanke albarka. Ba wanda ya ɗago ya dube ni.

Ke kuwa, hasken gidana, kika karɓi hoton da zuciya ɗaya, kamar yadda kike karɓar komai. Kika ce yanzu ne na fara magana. Kika ba 'yan ajinki labarin ƙasar da ake sa wa motoci hannu don su dawo lafiya, kika sayo jan fenti, kowane yaro ya tsoma tafinsa ya danna a takarda, kika cika kwali kika aiko wa makanikan Iraƙi. Wace mace ce za ta yi wannan in ba ke ba? Ina mutum zai sami irinki, ko ya bi kogin Pearl na wajenmu daga mafari har teku yana tambaya?

Shekaranjiya kwalin ya iso. Ban buɗe ba, na rungumo shi zuwa gareji lokacin shayin hantsi, ina taƙama. Abu Karrar ya daɗe da dawowa aiki, ya rame, baƙar riga a ƙarƙashin kakinsa, ba ya tsokanar kowa. Na yanke kwalin, ƙananan jajayen hannaye suka zubo kan benci. Ƙattin nan masu baƙin mai har gwiwar hannu suka shiga ɗauka suna gwadawa da nasu suna dariya. Har shi sai da gefen bakinsa ya motsa, karo na farko tun rasuwar. Sai ya kai hannu ƙasan kwalin ya ɗauko hoton, wanda kika sa aka faɗaɗa kika manna a kati, da rubutunki mai kyau a ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Na ga babban yatsansa yana bin yatsun shatin ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan na ƙarshe ya tsaya. Bai ɗago ba ya ce, "Abu Ga'ib, me ya sa ka tsuguna?"

Na ce, "Ai a ƙasa yake, Baffa, daidai gwiwa."

Ya ce, "Wa ka taɓa gani ya tsuguna don ya sa wa mota albarka?"

A nan idona ya buɗe, Lenora, bayan makonni ina kallon hoton nan a wayata. A bonet ake sa hannun jinin rago, wannan a ƙofa yake. Yatsunsa ba sama suke kallo ba, a karkace suke, kuma jinin ya ja doguwar jela zuwa ƙasa. Ƙaramin yatsan rabi ne. Ni na ɗauka jini ne bai kama ba.

Ya ce a hankali, kamar mai yi wa kansa bayani, "Ya fito. Da ransa ya fito. Yana neman abin da zai kama ya miƙe."

Ban ga tasowarsa ba. Goshinsa ne ya fara samun hancina, na ji ƙarar karyewar a cikin kaina. Kofunan shayi suka tarwatse. Ya bi ni ƙasa yana dukan fuskata da hannun da ya shekara talatin yana murɗa ƙarfe, sannan ya kama maƙogwarona da hannu biyu ya matse, yana kiran sunan ɗansa a fuskata, yawunsa da hawayensa suna zuba a bakina. Duniya ta fara yin duhu daga gefe-gefe. Cikin duhun na ji Dearman ya ɗana bindiga yana ihu a sake ni, na kuma ji wasu bindigogin suna amsawa daga ɓangarensu. Da yatsa ɗaya ya motsa a garejin nan da babu wanda zai fita da ƙafarsa. Ban san inda na sami ƙarfi ba, na murgina na haye kan tsohon, na rufe shi da jikina da sulkena, na ce da ragowar muryata, "Dearman, in za ka harba sai dai ka fara da ni. Sauke, don Allah sauke." Muka zauna haka, ni a sama jinina yana ɗiga a kan takardun yaranki, shi a ƙasa yana kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Daga baya laftanar ɗinmu ya tambaye ni, na ce santsin mai ne ya kwashe ni na faɗa kan jak ɗin ɗaga mota. Ya dubi wuyana ya ce lallai jak ɗin nan yana da yatsu, amma bai ƙara tambaya ba.

Kin san abin da ya zo mini lokacin da numfashi ke barina? Ranar nan a kwalekwalen kawunki, da muka je kamun tarwaɗa ƙugiya ta shige tafina har ta ɓace. Na yi ta maza, na ce ba komai. Kika kama hannun kika ɗora a cinyarki, a kan farar rigarki ta zuwa coci, kika ce, "Ba ta fita ta baya, sai dai ta gaba. Dube ni, kada ka dubi hannun." Kika tura ta ta huda fata ta fito, kika datse ƙayar, ko gezau ba ki yi ba. Jini ya ɓata rigar har abada. Kina ɗaure mini da ɗankwalinki kika ce, "Kai matsalarka ba ka iya cewa da zafi ba. Wata rana sai ka koya, in ba haka ba ni ba zan iya da kai ba." To, Lenora, da zafi. Da zafi ƙwarai, kuma ba hancin nake nufi ba.

Yau da safe na koma gareji, Dearman yana bina a baya fuska a murtuke. Abu Karrar yana zaune a ƙofar kwantenarsa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma bai bar ni na ba shi ba. Ya tattara takardun yaran, har da waɗanda jinina ya ɓata, ya buɗe kwantenar ya sa su can ciki, wurin da yake ajiye abin da ba ya so ya ƙare. Sannan ya miƙo mini hoton da almakashi ya ce, "Yanke kanka daga ciki. Wannan ne abu na ƙarshe da ya bari, ni zan riƙe. Uwarsa ba za ta gani ba, ita dai a wurinta bai ji komai ba." Ya kunna taba ya ƙara da cewa, "Malamar taka ma kada ka gaya mata. Alheri ta yi, bar ta da alherinta."

Na fara yankewa. Na cire fuskata da murmushin nan na banza, na cire kafaɗata da damtsena. Da na zo kan tafin sai na tsaya, don babban yatsana ya hau kan na Karrar, ba yadda za a raba su sai an yanki nasa. Na nuna masa. Ya duba, ya busa hayaƙi gefe, ya karɓe almakashin daga hannuna ya ce, "Bar shi haka. Ko ba komai, a nan ba shi kaɗai ba ne."

Shawararsa ta mai hankali ce, kuma ta ƙauna ce, amma ga shi na ƙi bi. Shi ya zaɓi ya ɗauki nasa shi kaɗai har kabari, ni kuwa ba na son auren da zan riƙa shiga kicin kowace safiya ina ganin hannun nan a firij, kina murmushi ina murmushi. Na san abin da nake sa miki a faranti. Na sa kin tsaya gaban yara ƙanana kin koya musu kwaikwayon hannun mutumin da ke mutuwa. Mai yiwuwa ki karanta wannan ki ji ƙyamar hoton, da fentin, da ni. Mai yiwuwa ki ce da ma hasashen yanayin na ci gaba da karantowa. In haka ne ba zan ga laifinki ba, amma zan karye, kuma gara in faɗa miki da bakina.

Ga roƙona, ke da nake kira a zuci duk sa'ad da jiniya ta yi kuka. Yanzu ki ɗaga kai ki dube shi, da sanin abin da kike kallo. Sunansa Karrar, yana shan shayi da sukari kamar hauka, ya fito daga wuta da ransa yana neman miƙewa. Ki sauke shi daga firij, amma kada ki jefar. Yaran kuwa kada ki gaya musu komai, hannayensu suna wuri mafi tsaro a duk ƙasar Iraƙi, makullin yana wuyan mutumin da ba ya bayarwa. Bayan nan ki dubi ɗaya hannun, na wawan da ya tsuguna. Tabon ƙugiyarki yana nan a tsakiyarsa. Shi zan miƙo miki a gaban coci, da duk abin da ya taɓa, ba zan ƙara ɓoye shi a aljihu ba. Ko ki kama ko ki bari, ba zan miƙa wa wata ba har a rufe ni da ƙasa.

Naki da ido ɗaya da karyayyen hanci, naki in kin ɗaga bikin, naki in kin bar shi a ranarsa,

Odell,
wanda a nan suke kira uban wanda bai iso ba tukuna